Kwikwiyona ya kasa barci saboda susa, me zan shafa masa?

Litinin da dare

Nafi'u Ajingi: Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Shawara nake nema, kuma a yi mini haƙuri idan maganar ba ta yi wa wani daɗi ba. Tun da aka kwance mana awaki biyu a turke da damina, na karɓo ɗan kwikwiyo a rugar da ke bayan garinmu don ya taso cikin dabbobin ya riƙa gadi. Watansa uku da 'yan kwanaki, muna kiransa Duna. Yau kusan kwana goma ba shi da aiki sai susa. Ya sosa da ƙafa, ya ciji gindin wutsiya, ya goga jiki da katanga, da dare har kuka yake yi. Gashin bakin kunnuwansa ya fara zubewa, cikinsa ya yi ja da ƙananan ƙuraje. Kawuna ya ce in samo baƙin mai wurin mai injin niƙa in shafe shi tas. Wani kuma ya ce in ɗiga fiya-fiya a ruwa in yi masa wanka. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Akwai abin da zan iya yi masa a gida?

Auwalu Taura: Wa alaikumus salam. Nafi'u, don girman Allah kada ka kusanci karen nan da fiya-fiya. Bari in gama abin da nake yi in ba ka labari.

Baba Ɗanjuma Sumaila: Yaro, kawunka bai faɗi ƙarya ba. Shekara talatin da wani abu ina farauta, daga nan har gefen Falgore, ba a taɓa samuna da karnukan da ba su kai biyar ba. Idan ƙazuwa ta kama kare, baƙin mai muke shafawa, sati biyu gashi ya fito. Gani ya kori ji.

Sani Direba: Ikon Allah. Mutane na neman abin da za su sa a tukunya, ana zancen fatar kare. Ka mayar wa Fulanin abinsu kawai ka huta. Kare da ko taɓa shi ba a so a yi.

Nafi'u Ajingi: Yaya Sani, ni na je na ɗauko shi daga wurin uwarsa. Bai roƙe ni ba. Idan na zuba masa ido yana wahala, wa za a tambaya?

Malam Sha'aibu Gaya: Malam Sani, a yi hattara. Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona, kuma na Nafi'u ya shiga ciki. Abin da aka yi gargaɗi a kansa shi ne ajiye shi ba da ɗayan waɗannan dalilai ba. Maganar taɓawa kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakke ne, har da kare. An dai umarce mu idan ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, kuma muna yi. Sannan ka tuna hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka rawaito, na mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya koma cikin rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Wanda ya ɗaure dabba a gidansa, cinta da shanta da jinyarta suna wuyansa.

Sani Direba: Allah ya gafarta Malam, na ji. Nafi'u ka yi haƙuri.

Auwalu Taura: To ga labarin. Bara waccan ina da karya, Fara, ita ke kwana a gonar kankanata. Kaska ta cika mata kunne. Na sayi fiya-fiyar nan ta kwalba da ake haɗawa a kasuwa, na zuba murfi biyu a bokiti na wanke ta da hantsi. Kafin azahar ta fara dalalar da miyau, jikinta na karkarwa, ta yi zawo, ta kasa tsayuwa. Mutane suka taru suna cewa haukan kare ne, a kashe ta. Na ɗura mata manja, na ɗura mata madara, babu abin da ya canza. Kafin la'asar ta mutu a gabana tana kallona. Da hannuna na yi, kuma har yau abin yana cina. Ita fa babba ce. Naka da bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba, ina zai kai?

Maman Sadiya Jahun: Allah sarki. Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani. Nafi'u ɗana, ina yake kwana?

Nafi'u Ajingi: Inna, a kan wani tsohon buhu, tsakanin akurkin kaji da rumbu. Wurin da aka yi sussukar gero ne, har yanzu akwai ƙaiƙayi a ƙasa, yana son shiga ciki saboda ɗumi.

Maman Sadiya Jahun: To ai ka gama faɗar rabin ciwon. Kai kanka ka kwanta cikin ƙaiƙayin gero dare ɗaya ka ga ko za ka runtsa. Ga kuma akurki. Ƙumar kaji tana hawa kare, ta maƙale masa a bakin kunne da gefen ido kamar an barbaɗa baƙin barkono. Tun yau ka ɗauke shi daga nan.

Malam Habibu Ringim: Salamu alaikum. Yanzu na dawo daga duba shanu na tarar da maganar. Ga waɗanda ba su san ni ba, malamin dabbobi ne ni. Nafi'u, kafin ka shafa komai sai mun san abin da ke cizonsa, domin ƙaiƙayi ba ciwo ɗaya ba ne. Gobe da rana ka yi mini abu uku. Ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka ɗora shi a kai, ka taje bayansa da gindin wutsiya da ƙaramin mataji. Idan wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suka zubo, ka yayyafa musu ruwa. In suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jininsa ne da suka sha. Sai ka kama bakin kunnensa tsakanin yatsa biyu ka murza a hankali, ka duba ko ƙafarsa ta baya za ta fara harbawa kamar yana susa. Na ƙarshe, ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi, ja ne ko ya yi fari.

Malam Habibu Ringim: Abin da ya sami karyar Auwalu kuwa guba ce, ba hauka ba. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya, dikulobos, yana ratsa fata ya shiga jiki ko ba a sha ba. Shi ne dai a cikin maganin ƙwari na Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayarwa a kantuna da kasuwannin da ba na kayan noma ba tun 2019. Manja da madara ba sa karya shi. Idan tsautsayi ya faru, a wanke dabbar nan take da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa leda a hannu, a garzaya da ita wurin likitan dabbobi, akwai allurar da ake yi.

Baba Ɗanjuma Sumaila: Fiya-fiya kam ni ma ban yarda da ita ba. Amma baƙin mai fa, Malam? Ko shi ma za ka ce ban gani ba?

Malam Habibu Ringim: Baba, ni ban isa in ce ba ka gani ba. Ka gani, kuma akwai dalili. Ƙwayar ƙazuwa 'yar mitsitsiyar halitta ce da ke haƙa rami cikin fata ta yi ƙwai. Duk mai mai kauri da aka lafta yana toshe mata numfashi, shi ya sa ake ganin sauƙi. Amma man da ya gama zagaya inji ya kwaso ƙarfe da dattin ƙonewa. Yana ƙona fatar da dama ta yi rauni, kuma kare ba ya barin abu a jikinsa sai ya lashe, daga nan ya wuce hanta da ƙoda. Karnukanka manya ne masu ƙarfi, wasu sun jure. Ina roƙonka ka tuna da kyau, Baba, cikin waɗanda aka shafa wa, babu wanda ya rame, ya daina ci, ya mutu bayan 'yan makonni aka ce ajali ne?

Baba Ɗanjuma Sumaila: Ajali ai ajali ne.

Bello na Ruga: Gaskiya ne Baba, amma mu a ruga mun daina. Mun shafa wa ɗan maraƙi a kan kirci, wurin ya saɓule ya zama gyambo, ƙuda ya bi. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Talata

Nafi'u Ajingi: Malam Habibu, na yi duka. Ɗigo-ɗigon sun zubo da yawa kuma sun yi ja. Har ƙumar na gani da idona tana tsalle. Kunnen ma ina murzawa ƙafar ta fara harbi. Dasashin bai yi fari fat ba, amma bai kai jan na akuya mai lafiya ba.

Malam Habibu Ringim: To abu biyu ne suka haɗu masa. Ƙuma tabbas. Harbin ƙafar nan da zubewar gashi a bakin kunne kuma alamar ƙazuwa ce mai ƙarfi, duba gwiwar ƙafafunsa na gaba ma, wataƙila za ka ga ɓawo. Ƙuma za ka iya cin ƙarfinta a gida. Ƙazuwa kuwa abin gida yana sanyaya ta ne kawai, kashe ta sai da magani. Kada ka yi wasa da dasashin nan, ƙuma tana iya shanye jinin ɗan kwikwiyo har ya mutu.

Maman Sadiya Jahun: Bari in faɗa maka yadda nake yi wa 'yan awakina da karen maigidan, Malam ya gyara mini idan na kauce. Ka tsinko ganyen darbejiya ɗanye, kamar cikin hannu biyu, ka tafasa a tukunya har ruwan ya yi kore-kore. Ka sauke ka tace, ka bar shi ya huce sai ya zama kamar ruwan wankan jariri, ka gwada da bayan hannunka. Kada ka yi da safe, hunturu ya fara shigowa, sanyi zai kama shi. Bari sai rana ta take. Ka fara jiƙa wuyansa ka sa kumfar sabulu ta zagaye wuyan kamar sarƙa, domin da ƙuma ta ji ruwa kai take gudu, ta shige kunne da ido. Daga nan ka bi sauran jiki da kumfa, ka bar ta ta ɗan jima, kamar minti biyar, kana shafa shi kana yi masa magana don kada ya tsorata. Ka ɗauraye sosai da ruwa mai kyau, ruwan darbejiyar shi ne na ƙarshe, ka zuba ka bar shi a jiki. Ka kiyaye ido da cikin kunne, kada kuma ka bari ya sha. Ka goge shi da tsumma mai tsabta ka zauna da shi a rana har ya bushe. In ya bushe, sai ka lakaci man kaɗanya ɗan kaɗan, ka murza a tafin hannu ya narke, ka shafa a inda ya yi ja da inda ya bushe. Kaɗan fa, ba laftawa ba.

Malam Habibu Ringim: Inna ba ki bar mini abin gyara ba sai sabulu. Nafi'u, sabulun wankan jarirai za ka nema. Ban da Omo, ban da sabulun wanki, ban da Dettol da Izal, ban da kananzir. Ko sabulun salo, wani yana da kaifin toka da yawa, yana ƙara busar da fata. Kuma ba kullum ba, sau ɗaya a mako ya isa. Yawan wanka yana wanke maiƙon fatarsa, ga iskar hunturu, sai susar ta ƙaru. Tsakanin wanka da wanka, idan ka ga ya matsa wa wuri ɗaya, jiƙa tsumma da ruwan randa ka ɗora masa na ɗan lokaci, sanyin yana kwantar da ƙaiƙayi.

Murja Dutse: Ni na ga ana cewa alobera tana da kyau, akwai ta a gidanmu a tukunya.

Malam Habibu Ringim: Farin majinar da ke tsakiyar ganyen tana sanyaya fata. Amma ruwan ɗorawar nan mai ɗaci da ke fita idan an yanka, in ya lasa zai sa shi zawo, kuma ɗan kwikwiyo ba ya jure zawo. Wanda zai yi sai ya fere ganyen ya wanke sosai. A wurina man kaɗanya ko man kwakwa sun fi sauƙin sha'ani, ko ya lasa kaɗan ba komai.

Isiyaku Kibiya: A daka tafarnuwa a zuba masa a abinci, ƙuma ba ta son warinta. Haka ake yi wa kaji.

Malam Habibu Ringim: A'a Isiyaku, kaji daban kare daban. Tafarnuwa da albasa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga shi dama jinin ya yi ƙasa. Ko ragowar miya mai albasa da yawa a rage ba shi. Tunda an zo nan, ruwan taba, lalle da nonon tumfafiya duk a bar su. Nonon tumfafiya in ya shiga ido yana iya makantarwa. Haka maganin ciwon jikinmu na mutane, kada a jefa masa ko rabin ƙwaya don an ji yana kuka.

Bello na Ruga: Nafi'u, me kake ba shi ya ci?

Nafi'u Ajingi: Tuwon da ya kwana da koko, wani lokacin ƙanzo.

Bello na Ruga: Bai isa ba. A wurinmu yana samun ɗan kindirmo. Kare ba akuya ba ne, jikinsa na son abin da ya fito daga dabba. Ko dafaffen ƙwai ɗaya bayan kwana biyu, ko garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya a barbaɗa a tuwon. Fatar da ke jin yunwa ba ta warkewa da wuri. Mu ma a shanu, wadda ta rame ita ciwon fata ke fara kamawa.

Maman Sadiya Jahun: Kuma wankan nan duk aikin banza ne idan ka mayar da shi kan buhun nan. Ƙone buhun. Share ƙaiƙayin ka kai bola ka sa wuta. Akurkin ma a kwashe kashin, a share, a zuba tafasasshen ruwa a ƙasa da lungunan bango bayan an kori kajin, in ya bushe a barbaɗa toka.

Malam Habibu Ringim: Wannan ita ce maganar da aka fi mantawa. Ƙumar da ka gani a jikinsa 'yar kaɗan ce a kan abin da ke ƙasa. Macen ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, ƙwan ba ya manne wa gashi, zubewa yake yi a inda karen ke kwana. Can yake ƙyanƙyashewa, tsutsar ta shige ƙura, ta naɗe kanta, tana iya yin watanni tana jira. Shi ya sa mutum zai yi wanka yau, jibi ya ga sun dawo ya ce darbejiya ba ta aiki. Sabon abin kwanciyarsa ya zama tsumman da za ka iya wankewa da ruwan zafi ka shanya a rana duk bayan kwana uku. Kuma wurin ya zama busasshe. Ƙasar da ta sha fitsari ita wani ƙuda ke nema ya yi ƙwai, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta zauna kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. In ka ga irin wannan, toshe ramin da basilin, za ta leƙo, sai ka matse ta a hankali ta fito.

Baba Ɗanjuma Sumaila: Malam Habibu, jiya na kwana ina tunanin tambayarka. Akwai wani jan kare da na yi ji da shi, ya kama mini gada ba ɗaya ba biyu ba. An shafa masa, gashi ya fara fitowa, sai ya daina cin abinci yana ta amai. Bai yi wata ba. Ban taɓa haɗa abin da man ba sai jiya. Allah ne masani. Kuma da na tuna, mahaifina bai san baƙin mai ba, lokacinsu ina aka ga inji a ƙauye? Farar wuta yake dakawa ta yi laushi ya kwaɓa da man shanu ko man kaɗe ya shafa wa kare. Mu ne muka bar wannan da injin niƙa da na ban ruwa suka zo, saboda man kyauta ake samu.

Malam Habibu Ringim: Allah ya ƙara girma, Baba. Na mahaifinka shi ne maganin gaske. Farar wuta tana kashe ƙwayar ƙazuwa, har yau akwai man shafawa na asibiti da ake yi da ita. Sharaɗin kada ta yi yawa, kashi ɗaya nata, mai kashi goma ko fiye. Ga babban kare a daji inda babu malamin dabbobi kusa, ita zan ce a yi. Ga Duna kuwa, in za a shafa, a tsaya a bakin kunne inda harshensa ba ya kaiwa, a kiyaye ido. Amma tunda Ajingi ba nisa da Wudil, gara a kai shi a duba.

Isiyaku Kibiya: Ba sai ya je ba. Ya sayi allurar Ivomec ta dabbobi a kasuwa ya yi masa da kansa, mu haka muke yi wa tumaki.

Malam Habibu Ringim: Maganin ne, amma awon fa? Na shanu mil ɗaya na kilo 50 ne. Duna in ya yi nauyi ya kai kilo 4. Lissafa ka gani, abin da zai ɗauka ɗigo ne da sirinjin tumaki ba zai iya aunawa ba. Na sha ganin an zuƙi mil guda an danna wa kwikwiyo, ya kama tangaɗi, ido ya rufe, wani ba ya tashi. A bar wanda zai ɗora shi a sikeli ya auna. Kuma sau ɗaya ba ya isa, ana maimaitawa bayan mako biyu saboda ƙwan da ke cikin fata. Ruwan wankan kaska na shanu ma kada a gwada a jikinsa, ya yi ƙanƙanta.

Alhamis

Nafi'u Ajingi: Jiya na yi wankan yadda Inna ta ce. Ruwan da ya sauka ja ne, ƙuma kuwa ba ta ƙirguwa. Na ƙone buhun, ni da ƙannena muka share wurin, na mayar da shi zaure kusa da turke. Jiya ya yi barci har asuba, karo na farko cikin kwana goma sha wani abu. Cizon wutsiyar ya ragu sosai, kunnen ne dai har yanzu yake sosawa. Wani abu kuma, ƙanwata Ummi mai shekara shida, ita ce mai ɗaukarsa kullum, wasu ƙananan ƙuraje sun fito mata a hannu da ciki, tana ta susa da dare. Hankalin Innarmu ya tashi, ta ce a fitar da karen daga gidan.

Murja Dutse: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a karkara. Ka kwantar wa Innarku da hankali. Ƙazuwar kare tana hawa mutum ta yi ƙuraje a inda jiki ya taɓa, amma ba ta iya zama ta hayayyafa a fatarmu kamar tamu ta mutane, idan an yi wa karen magani yawanci tana bajewa. Duk da haka a kai Ummi asibitin da ke kusa a duba, domin makero ma ana ɗauka daga kwikwiyo, kuma maganinsa daban ne. A yanke mata farce kada ta sosa ya zama gyambo, a wanke kayanta da abin shimfiɗarta a shanya a rana. Ita da sauran yara su daina ɗaukarsa har ya warke. Kai ma in ka gama taɓa shi ka wanke hannu da sabulu har gwiwa.

Malam Sha'aibu Gaya: Kuma ka bi mahaifiyarka a hankali, Nafi'u. Tana da gaskiyarta, 'yarta take ji. Ka nuna mata ka raba shi da cikin gida, ka nemi ta ba ka mako biyu.

Sani Direba: Nafi'u, gobe Juma'a ina da lodin dabbobi zuwa kasuwar Wudil, ta Gaya zan bi. In za ka iya fitowa bakin titi da sassafe, ka sa shi a kwali in rage maka hanya.

Nafi'u Ajingi: Na gode Yaya Sani, Allah ya saka da alheri. Zan fito.

Juma'a da yamma

Nafi'u Ajingi: Alhamdu lillahi mun dawo. Likitan ya kankari bakin kunnen ya ce ƙazuwa ce. An auna shi, kilo 3 da rabi. Allurar da aka yi masa da ɗan siririn sirinji ne, abin da aka zuƙa ko ganinsa da ƙyar na yi, sai na tuna maganar Malam Habibu. Ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya ce ƙuma tana kawo tsila idan kare ya haɗiye ta garin cizon jiki, in duba kashinsa ko zan ga abu kamar ƙwayar shinkafa. Ya ce in ci gaba da man kaɗanya, in dawo bayan mako biyu. Ummi ma an kai ta, an ba ta man shafawa.

Bello na Ruga: Sauran 'yan uwansa huɗu suna nan a rugar da ka ɗauko shi? In dai daga can ya taho da ƙazuwar, uwar da su duk suna da ita. Ka gaya musu, in ba haka ba duk ranar da ya je wasa zai sake kwasowa.

Malam Habibu Ringim: Bello ya yi gaskiya. Nafi'u, in ka koma ka tambayi allurar rigakafin haukan kare, daga wata uku ake fara yi, ya kai. Wataƙila likitan ya so ya ɗan murmure tukuna. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin ta, kuma ana samu a asibitocin dabbobi. Karen da zai riƙa kwana a waje yana haɗuwa da na daji, ga yara a gida, wannan ta fi komai. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa.

Bayan mako biyu

Nafi'u Ajingi: Salamu alaikum. An yi allura ta biyu yau. Susar ta tsaya sai jefi-jefi, ɓawon kunnen ya zube, wani laushin gashi ya fara tsirowa. Dasashin ya yi ja. Ƙurajen Ummi sun baje, Innarmu da kanta take ajiye masa ƙwai yanzu. Rigakafin haukan an ce in kawo shi Juma'a mai zuwa. Na je rugar, uwar duk gwiwoyinta sun saɓule, biyu daga cikin 'ya'yan ma haka. Mai rugar ya ce ba zai iya kai kare biyar Wudil ba. Malam Habibu, ko ka san wani malamin dabbobi ta wajen Gaya da zai iya shiga ruga da babur? Kuɗin mai ni zan biya.

Baba Ɗanjuma Sumaila: Kafin a samu, akwai farar wuta a wurina, dakakkiya. In Sani zai biyo ta nan ya karɓa a kai wa uwar.

Malam Habibu Ringim: A dakata da shafa wa uwar idan har yanzu suna shan nono, Baba, za su lasa. Nafi'u, tambayo mini ko an yaye su, ka kuma ƙirga mini karnukan rugar gaba ɗaya har da masu bin shanu. Akwai abokin aikina a wajen, zan kira shi da safe.